Takunkumin Kamanja

Ƙarfe huɗu da minti ashirin da biyu na yamma, ranar Talata, mukayyif ɗin ɗakina, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya ɗauke. Na san mintin ne don na rubuta shi daga baya a littafina, a shafin da ya kamata in rubuta gyaran da malamata ta yi mini a ranar. Ban ji ɗaukewarsa ba. Kunnena na dama da abin saurare a ciki, malamar tana ƙirga mini bugu da Faransanci daga cikin waya, na hagu kuma yana manne da kamanja. Idona a rufe. Na yi kusan minti guda ina jan izga a cikin gidan da ya yi tsit, gidan da babu wanda ya san akwai kamanja a cikinsa.

Da na buɗe ido, Baba na tsaye a bakin ƙofa da sukuddireba a hannu.

Baba mai gyaran mukayyif ne. Rabin gidajen layinmu a unguwar Zahir ta Makka shi ya ɗaura musu, kuma duk lokacin Hajji yakan tare a Arfa yana fama da na'urorin sanyaya tantuna. Amma na ɗakina ya fi na kowa tsufa, yana ƙugi kamar motar shara. Shekara biyu yana cewa zai canja mini, ina cewa a bar shi, na saba, ba na iya karatu sai da ƙararsa. Ƙarya nake yi. A bayan ƙarar nake ɓuya. Ranar ya samo wani sabo marar ƙara, ya ce bari ya faranta mini, ya kashe wutar ɗakina daga waje bai faɗa wa kowa ba.

"Uwata," in ji shi. Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. "Mene ne wannan a wuyanki?"

"Kamanja ce, Baba."

"Goge dai."

"Ba goge ba ne. Tsirkiyarta huɗu."

"Ko goma ce."

Sai ya hangi wayar da na jingine da ƙamus, da fuskar tsohuwar Baturiya a ciki tana leƙe. Baba ba ya rasa ladabi ko da ransa a ɓace. Ya dafa ƙirji, ya ɗan rusuna, ya ce, "Sannu, Hajiya." Ita ma ta ɗaga masa hannu. Daga nan ya karɓi kamanjar ya sa a akwatinta. Ya ɗauki ɗan curin ƙaron da ake goga wa izga, ya kai hanci, ya daɗe yana shinshinawa, sannan ya jefa shi ciki ya rufe. Na bi sawunsa da kunne har saman bene, inda yake da ɗakin ajiye tsofaffin injuna da kayan Arfa. Na ji ƙarar kwaɗo.

Bai yi faɗa ba. Sabon mukayyif ɗin ma sai da ya ɗaura shi kafin magariba.

Asalinmu Damagaram ne. Kakana ya zo Makka a ƙafa, ya zauna a Jarwal, a can aka haifi Baba, ni kuma a Zahir. Larabci nake yi a makaranta, Hausa a gida. Faransanci kuwa na fara shi ne don lokacin Hajji ana neman matan da za su yi tafinta tsakanin likitoci da alhazan Nijar da Mali da Sanagal. Na haddace littafin nahawu daga bango zuwa bango, amma in an yi mini magana sai bakina ya ƙi buɗuwa. Sai na samu wani shafi inda tsofaffin da suka bar aiki suke hira da masu koyo. Na zaɓe ta ne don a hotonta ba ta murmushi. Na ɗauka ba za ta yawaita tambaya ba.

A hirarmu ta farko ta yi mini tambaya ta fi talatin. Ta ce in kira ta Madam, ba ta son a yi ta wahala da sunanta. Ita kuma ta sa mini "'yar ƙarama". Wata rana na ga wani baƙin akwati a bayanta, na tambaya. Ta buɗe, ta fito da kamanja, ta ja izga sau ɗaya a kan tsirkiya mai kauri. Na kasa ƙarasa jimlar da na fara. Bayan Hajjin shekarar, da abin da na samu na tafinta, na bi ƙawata zuwa Jidda na dawo da kamanja a cikin jakar bargo.

Tare da kamanjar na sayi wani ɗan baƙin abu na roba mai haƙora kamar mataji, wanda ake maƙala wa jakin da tsirkiyoyi suke hawa don ya shaƙe sauti. Ni na sa masa suna takunkumi. Da shi da ƙugin mukayyif na yi shekara biyu ina koyo, kowace Talata bayan la'asar, babu wanda ya ji.

Rayuwar Madam ba a zama ɗaya ta ba ni ita ba. Tsinta na yi, Talata bayan Talata, tsakanin gyaran yatsa da gyaran kafaɗa, ina rubutawa. An haife ta a wani ƙaramin gari na bakin teku. Ubanta mai raba wasiƙu ne a kan keke. Likitan garin ne ya ara mata kamanjar ɗansa da ya ƙi koyo, ta ce har yau ba ta mayar ba. Tana budurwa ta hau jirgin ƙasa ita kaɗai zuwa Faris, ta shiga babbar makarantar kiɗa, ta zauna a wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin rufi inda sanyi yake sa ta yin atisaye da safar hannu mai yankakkun yatsu.

Labarin da na fi so shi ne na ranar da ta nemi shiga babbar ƙungiyar makaɗa. A bayan labule ake gwaji don kada alƙalai su ga mai kaɗawa. Wata mai share ɗakin ta raɗa mata cewa suna gane mata da ƙarar takalmi. Sai ta tuɓe nata ta shiga da safa. Da aka ɗaga labule suka ga wadda suka zaɓa, wani tsoho a cikinsu ya tambaye ta ina takalminta. Ta ce masa tana jin ba takalmi suke nema ba.

Ta yi shekaru a sahun gaba na ƙungiyar, ta zaga ƙasashe, har ta kai ita ce take miƙewa ta ba sauran sautin da za su daidaita da shi. Sannan yatsanta na huɗu na hannun hagu ya fara lanƙwashewa da kansa. Ba ciwo, ba kumburi, kawai in ta ɗora shi a kan tsirkiya sai ya naɗe. Likitoci suka ce ta ajiye kamanja shekara guda. Ta ajiye, amma ta cire ƙafar wata tsohuwar kujera, ta zana mata layi huɗu, tana maƙala ta a wuya kullum da safe tana kaɗa kiɗan da babu sauti. Yatsan bai dawo ba. Ba ta sake hawa dandamali ba. Ta koma wata makaranta a lardi ta yi shekara talatin da wani abu tana koyar da yara.

Na taɓa tambayarta ko ta yi baƙin ciki. Ta ce, "Na yi shekara goma ina jin haushin yaran mutane don yatsunsu lafiya lau kuma ba sa atisaye. Daga baya na gaji da haushin. Gyara gwiwar hannunki, ta faɗi."

Abu ɗaya ne muke saɓani a kai. Ta tsani takunkumin. Ta ce shekara biyu tana koyar da wadda ba ta taɓa jin muryarta ba, kamar mai hira da mutum ta cikin matashin kai. Ta ce ina jan izga kamar mai neman gafara. Kullum ina ce mata wata rana.

Kwana uku bayan an kulle kamanjar, Gwaggo, yayar Baba, ta zo daga Jarwal. Umma ce ta kira ta. Ta zauna a gefen gadona tana fifita da gefen mayafi duk da sabon mukayyif.

"Ke kuma duk kayan duniya ki rasa abin ɗauka sai goge? Aibu, ya binti, abin kunya ne, 'yata. Da ma mota kika ce za ki koya."

"Gwaggo, yanzu har a makarantu ana koyar da kiɗa a ƙasar nan."

"Makarantun ubanki ne? Ni ba fatawa na zo yi ba, ki bar wa malamai nasu. Ki buɗe kunne."

Sai ta faɗa mini abin da ba a taɓa faɗa mini ba. Kakana mai goge ne. A Damagaram in ana biki ba a watsewa sai ya zo. Ana yi masa liƙi, ana kiransa ko'ina, amma da ya nemi aure a gidan mutunci aka ce ba a ba maroƙi. Da ya yi niyyar Makka ya taho da gogensa, da shi ya ci abinci a hanya. A bakin teku, kafin ya shiga jirgin ruwa, ya ba wani mutum gogen kyauta. Ya iso Jarwal ya zama mai ɗinki, ba wanda ya san komai. A haka ya aurar da 'ya'yansa a gidajen da ake girmamawa.

"Ƙaro kaɗai ya riƙe," in ji Gwaggo. "Ɗan curi, a gwangwanin goronsa. Ubanki yana yaro ya taɓa ɗauka ya sa a baki, ya zaci alewa ce, ya sha mari. Shekara nawa muka yi muna gina sunan nan, ke ki zo da rana tsaka ki ce ƙiiii. Shi ke nan, ki manta."

Ni ba mai magana ba ce. A aji in malama ta kira sunana sai in ji kamar an kwara mini ruwan zafi. Abin da na iya shi ne rubutu, don haka na rubuta wa Baba wasiƙa shafi uku, na jera dalilaina da lamba. Ya karɓa, ya ninke ta huɗu, ya sa a aljihun gaba. Na yi mako ina ganin gefenta yana leƙowa.

Talatar da ta biyo na kira Madam hannu wofi. Na gaya mata komai. Ta saurara, sannan ta ce ita ma tana da labari. Kunnuwanta sun daɗe suna tafiya. Na dama ya mutu, na hagu saura kaɗan. 'Yarta ta matsa mata ta koma kusa da ita, kuma ta yarda. A ƙarshen wata mai zuwa za ta rufe koyarwa gaba ɗaya. Na duba kalanda. Talata bakwai.

"Ɗan abin da ya rage a kunnen nan," in ji ta, "ina so in ji ki da shi sau ɗaya, ba wannan baƙin abin, ba injin. In ba zai yiwu ba, to. Amma darasi ba zai tsaya ba. Kuna da kujera?"

Ba mu da kujerar da za a cire wa ƙafa. Amma a ƙasan matakala akwai katakan da Baba yake tokare mukayyif da su a taga. Na zaɓi ɗaya. Duk awon kamanjata yana cikin littafina tun ranar da na saye ta: tsawon wuya, tazarar tsirkiyoyi, inda kowane yatsa yake sauka. Na goge katakon da sandar yashi, na ja layi huɗu da jan biro. Izga kuma na yi ta da guntun bututun jan ƙarfe na cikin tarkacensa.

Da Talata ta zagayo na tsaya da su a tsakiyar ɗakina, na rufe ƙofa. Shekara biyu ina rufe ƙofa. An kama ni, an ƙwace, yanzu katako ma a ɓoye zan riƙe shi? Na buɗe ƙofar na fita falo.

Ƙarfe huɗu lokacin shayin Baba ne. Yakan dawo daga masallaci ya zauna a kan kilishi ya jingina da matashi, Umma ta kawo masa tire. Na jingine wayata da tukunyar fure a kan kanta, na tsaya a gabansa tazarar taku uku, na maƙala katako a wuya. Madam ta ƙirga, na fara.

Umma ta fito daga kicin ta tsaya da buta a hannu. "Ke, lafiyarki kuwa?"

"Darasi nake yi, Umma."

"A gaban babanki?"

"Ba ƙara ai."

Baba ya dube ni, ya dubi katakon, na tabbata ya gane nasa ne. Ya kurɓi shayi. Bai hana ba, don ba abin da zai hana, kuma bai tashi ba, don falonsa ne. Minti arba'in da biyar ba abin da ake ji sai numfashina da gogar bututu a kan katako. Da na gama na ce, "Baba, makullin." Ya ajiye kofi ya fita.

Haka muka yi Talata ta biyu, da ta uku. Madam ba ta sassauta mini don katako ne. "Yatsa na uku ya yi ƙasa," in ji ta.

"Madam, ta yaya kika sani? Ba sauti."

"'Yar ƙarama, shekara biyar ke nan ina koyarwa da ido. Kin zaci injinki yana bari in ji wani abu? Sake."

A Talata ta huɗu maƙwabciyarmu ta shigo aron turmi ta same ni ina jan bututu a iska. Umma ta yi wuf ta ce motsa jiki ne, likita ya rubuta mini saboda kafaɗa. Matar ta ce Allah ya sawwaƙe, ita ma tata kafaɗar tana damunta, ko zan nuna mata. Baba ya sa kofi a baki ya daɗe bai sauke ba. Ina jin dariya yake ɓoyewa, amma da na ce makullin, fita ya yi kamar kullum.

Gwaggo ta bugo waya ta ce taurin kaina na gidan su Umma ne. Umma ta ce a'a, sunan wa aka sa mata? Suka yi kwana biyu ba sa gaisawa.

Ni kuwa na lura da wani abu, don lura ce sana'ata. Baba ya daina kallon fuskata. Hannuna na hagu yake kallo. A Talata ta biyar shayinsa ya huce bai sha ba. A ta shida na ga ya ɗora tafinsa a kan gwiwa ya danne, kamar mai hana wani abu motsi.

Talata ta bakwai Madam ta bayyana a waya da akwatuna jere a bayanta, bangon da hotuna suke a da ya zama fari. Ta sa jan baki, abin da ban taɓa gani ba. Ta dubi katakon a hannuna. Ta ce, "To. Daga farko."

Na ce ta ba ni minti biyu.

Na ajiye katakon a kan kilishi, na durƙusa a gaban Baba. Na shirya maganar a rubuce tun jiya, na haddace, amma da na buɗe baki ba ita ce ta fito ba.

"Baba, yau ce rana ta ƙarshe. Tsohuwar nan kunnenta ya kusa mutuwa, kuma ba ta taɓa jin abin da ta koya mini ba. Na yi maka ƙarya shekara biyu, wannan laifina ne, ka yafe mini. Amma ba zan daina ba. In ka ce a'a, ba zan fasa kwaɗonka ba, ba zan sayi wata a ɓoye ba. Zan ci gaba da katakon nan a nan wurin, duk Talata, har in yi furfura. Ni dai ka ba ni amsa. Mako bakwai ina tambaya kana tashi."

Umma ta ce, "Ke!" daga ƙofar kicin. Ban sunkuyar da kai ba. Tun da aka haife ni ban taɓa yi wa Baba magana mai tsawon wannan ba.

Ya daɗe yana kallon katakon. Ya sa hannu a aljihun gaba, na ɗauka wasiƙata zai fito da ita. Makulli ne. Ya ajiye shi a kan tire kusa da kofi.

"Alhaji, kakanki, haka yake yi," in ji shi. "A kan gwiwarsa. A shago, a mota, har a Harami in muna jiran salla. Yatsun nan suna ta tafiya. Tun ina yaro nake kallo har na yi aure, ban taɓa jin abin da yake kaɗawa ba. Ya rasu ban ji ba." Ya tura mini tiren. "Hau ki ɗauko, Uwata. Baƙin abin nan na roba ki bar shi can sama. Ki ce wa Hajiya ta ɗan jira, bari in kashe mukayyif."